Yadda Ake Gyaran Tulun Keg Mai Yoyo, Daga Silinda Har Zuwa Famfo

Tambaya ɗaya ake ta yi min ta fuskoki daban-daban. Wani ya cika silindar gas na CO2, wato iskar da ke sa lemon kwalba kumfa, kafin mako ya zagayo ta zama fanko. Wani ya buɗe firji da safe ya tarar abin sha ya malale a ƙasa. Kowa so yake ya san inda matsalar take da yadda zai gyara da kansa.

Tulun da nake magana a kai shi ne wanda ake kira Cornelius, na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai cin lita 19, da murfi mai siffar ƙwai a tsakiya da bawul biyu, ɗaya a kowane gefe. A Amurka da Turai masu dafa giya a gida ne suka fi aiki da shi, kuma a shagunansu ake samun kayan gyaransa. Sai dai ba ruwan bawul da abin da ke cikin tulu. Mai ruwan soda, da mai zoɓo ko lemon citta mai gas, da mai kofi mai sanyi, yoyo iri ɗaya ke damun su, gyaran ma iri ɗaya ne.

Abin da nake roƙo tun daga farko shi ne kada ka sayi komai, kada ka ɗaure komai da ƙarfi, sai ka ga wurin yoyon da idonka. Galibi 'yar roba ce ta gaji.

1. Gane irin tulunka

Iri biyu ne. Akwai mai ƙwallo, wanda 'yan kasuwa ke kira bol-lok, shi ne kamfanin Pepsi ya yi aiki da shi. Akwai mai fil, wato fin-lok, na Coca-Cola, ya ɗan fi gajarta da kauri. A mai fil, bawul ɗin gas yana da fil biyu a jikinsa, na ruwa yana da uku, don haka ba a rikita su. A mai ƙwallo kuwa bawul biyun sun yi kama sosai. Na gas ne ke da 'yan tsaga a gindinsa, ko gindin ya zo kamar tauraro, kuma yawanci an rubuta IN kusa da shi a jikin robar saman tulun, an rubuta OUT kusa da na ruwa.

Kowane bawul yana da gida na ƙarfe da ake murzawa a jikin tulu. A cikin gidan akwai 'yar ƙwaya mai sifirin da ake kira fofet, ita ke toshe ƙofa idan ba a haɗa komai ba. A ƙarƙashin gidan akwai bututu, gajere a wajen gas, dogo har gindin tulu a wajen ruwa. Abin da ake kifawa a kan bawul ya haɗa shi da tiyo, hula zan riƙa kiran sa: ta gas toka-toka ce ko fara, ta ruwa baƙa.

Zoben roba biyar ne ke riƙe da tulun gaba ɗaya. Babba ɗaya a murfi, ɗaya a wuyan kowane bawul ta waje, ɗaya a ƙarƙashin leɓen kowane bututu.

Gargaɗi: idan tulunka irin na kamfanonin giya ne, mai baki ɗaya tak a tsakiya kuma ba murfi, wannan jagorar ba tasa ba ce. Bawul ɗinsa yana iya tashi da ƙarfin da zai raunata mutum idan aka kwance shi da iska a ciki.

2. Tara kayan aiki

Za ka buƙaci kwalbar feshi, da sabulun wanke kwanuka na ruwa, da bokiti, da tsumma mai tsabta, da sukundireba mai faɗin baki, da tsinken sakace ko wani tsinke na roba, da siririn buroshi mai shiga cikin bututu, da sifana mai daidaitawa, da sikeli. Sai soket mai zurfi. Bawul na mai ƙwallo yana zuwa da inci 7/8 ko 11/16. Soket mai milimita 22 sau da yawa tana shiga na 7/8. Na 11/16 ne mai wahala, domin 17 ba ta shiga, 18 kuma tana rawa, gara ka nemi ta ainihi. Idan gindin mai tauraro ne, sai soket mai haƙora 12. Mai fil yana son soket 13/16 da aka tsaga wa gefe don fil ɗin su wuce, kuma mai walda zai iya tsaga maka da garanda.

Zoben roba ana sayen su da lamba: 417 na murfi, 109 na bututu, 111 na wuyan bawul a mai ƙwallo, 112 a mai fil. Ka nemi waɗanda aka yi don abinci. Masu sayar da kayan injin ban ruwa da na haidurolik suna iya samun girman, amma robar da aka yi don man inji ba lallai ta dace da abin da za a sha ba, musamman ta murfi da ta dogon bututu.

Sai man shafa roba, wanda aka rubuta cewa na injinan abinci ne. Kada ka sa basilin, yana kumbura wasu nau'in roba. Kada ka sa man gyaɗa, yana yin ɗoyi a cikin bawul kuma yana kashe kumfa. Idan zoben naka na silikon ne, kada ka shafa masa man silikon, shi ma kumbura shi yake yi.

Batun kuɗi, a shagunan Amurka saitin zobe biyar bai cika wuce dala 5 ba, fofet ma haka. Hula tana kai wa dala 5 zuwa 10, cikakken bawul dala 10 zuwa 15, sabon murfi sama da dala 20. Ga wanda zai sa a kawo masa daga waje, kuɗin aike ya fi kuɗin kayan, saboda haka ka sayi saiti uku ko huɗu lokaci guda, da fofet biyu na ajiya, da washa ta bakin silinda da yawa.

3. Raba tsarin kashi-kashi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Tsakanin silinda da famfo akwai mahaɗa fiye da goma. Idan ka gwada su a dunƙule, abin da za ka sani kawai shi ne akwai yoyo, kuma dama ka san da haka.

Fara da cire huluna biyu daga kan tulu. Rufe ɗan makunnin da ke ƙarƙashin ragileta, wato na'urar bakin silinda mai rage matsin gas. Buɗe silinda, saita matsi a kan psi 30 (psi ma'aunin matsi ne), wato kusan 2 a ma'aunin bar, sannan ka sake rufe silindar. Yanzu 'yar iska kaɗan ce ta maƙale a cikin ragileta. Yi alama a inda allurar agogon babban matsi, wato mai nuna matsin ɓangaren silinda, ta tsaya, ka ba shi minti 30. Idan allura ta sauka, yoyon yana ragileta ko mahaɗarta da silinda, ka wuce mataki na 10.

Idan ba ta motsa ba, buɗe makunnin nan iska ta shiga tiyo, hula tana rataye ba a kan tulu ba. Buɗe silinda, rufe, sake sa ido. Idan ta sauka yanzu, to tiyo ne, ko kilif, ko hular kanta, mataki na 9 ke nan. Mai raba gas zuwa tulu biyu ko uku sai ya gwada layi ɗaya-ɗaya.

Idan nan ma lafiya, saura tulu. Ba shi psi 30, cire hula, bar shi ya kwana. Da safe ka saita ragileta a kan psi 30 ɗin dai, ka kifa hula ka saurara. Idan ka ji iska ta kwarara ciki, tulun ya zubar da tasa da dare.

Gargaɗi: wannan gwajin na tulu fanko ne. Idan akwai abin sha a ciki, musamman mai sanyi, zai shanye gas ɗin da ke samansa, matsi ya sauka ba tare da yoyo ko kaɗan ba. Mutane da yawa sun kwance tulu lafiyayye saboda wannan.

Akwai kuma yoyon da ke wuce duk gwaje-gwajen nan uku, domin ba ya bayyana sai hula tana kan bawul. Shi ne na zoben wuyan bawul. Ka riƙe wannan ƙa'ida: idan yana yoyo hula a cire, fofet ce ko gindin bawul ko murfi. Idan sai an kifa hula yake yi, zoben wuya ne. Don tabbatarwa, haɗa komai, rufe silinda, ka ɗan karkata hular hagu da dama kana saurare. Zobe mai kyau ba ya huci ko an taɓa shi.

4. Nemo wurin da kumfa

Zuba ruwa a kwalbar feshi da ɗigon sabulu kaɗan. Masu Star San, wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan abin sha, suna amfani da shi a gaurayensa na kullum, kusan mililita 1.5 a lita ɗaya, ya fi sabulu domin yana kumfa kuma ba sai an ɗauraye ba. Da iska psi 30 a cikin tulu, fesa zagayen murfi, da gindin bawul ɗin sakin iska mai zobe da ke kan murfi, da saman kowace fofet, da inda gidan bawul ya zauna a jikin tulu. Jira. Babban yoyo yana tashi nan take, ƙarami kuwa yana iya ɗaukar minti biyu kafin ka ga wasu ƙananan ƙwayoyin kumfa suna taruwa wuri ɗaya. Kashe fanka da janareta idan da hali, kunne ma yana taimakawa.

Idan feshi bai nuna komai ba, yi yadda mai faci ke yi wa tib: kifa kan tulun cikin baho mai ruwa, ko ka nutsa tiyo da hularsa, ka ga inda iska ke fitowa. Ragileta kaɗai ce ba a nutsawa.

Bayan an gano yoyo a psi 30, a sake gwadawa a psi 10 zuwa 12, matsin da aka saba zuba giya da shi. Wasu murafan sai da matsi mai yawa suke kamawa, da an sauke su saki.

Kafin ka kwance fofet mai huci, gwada danna ta sau biyu da gindin cokali ta koma mazauninta. Sau da yawa ɗan tsaki ne ya tokare ta. Idan ta ruwa ce, rufe da tsumma, ka kawar da fuskarka.

5. Sauke iska, sannan ka kwance

Ja zoben bawul ɗin kan murfi har hucin ya ƙare ƙaf. Murfin mai fil sau da yawa ba shi da wannan zoben, sai ka danna fofet ɗin gas da sukundireba. Ta gas, ba ta ruwa ba.

Gargaɗi: kada ka murza bawul, kada ka buga murfi don ya buɗe, alhali da iska a ciki. Idan ka ɗaga mariƙin murfi ya ƙi faɗawa ciki, akwai sauran matsi. Koma ka sauke.

Kwantar da tulun ko ka matse shi tsakanin gwiwoyinka, sa soket, murza hagu. Tsohon bawul da sukari ya bushe a kansa yakan yi gardama. Zuba masa ruwan zafi ka jira kaɗan, sannan ka ɗan bugi hannun sifana da tafin hannu. Kada ka kama shi da filaya, tana cinye kusurwoyi, kuma ko ɗan ƙarzane a wuyan bawul yana iya zama sabon yoyo.

Kwance gefe ɗaya, ka zuba kayansa a kwano ɗaya, kayan ɗaya gefen a wani kwanon. Idan tulu biyu kake gyarawa kada ka haɗa kayansu. Tiredin, wato zaren da bawul ke murzuwa a kai, ba ɗaya ba ne a duk tulunan: na Cornelius da yawancin sababbi inci 19/32 ne, wasu na Firestone 9/16 ko 5/8. Bawul ɗin da ba na wurin ba yakan shiga zagaye ɗaya ko biyu ya tsaya, idan ka tilasta shi ka kashe tiredin tulun, wannan kuwa gyaransa ya fi ƙarfin gida.

Turo fofet ta sama ta faɗo. Zaro bututu biyu. Cire tsofaffin zobba da tsinke, ba da wuƙa ba.

6. Wanke, ka duba da kyau

Jiƙa ƙarafan a ruwan ɗumi da garin wanki irin PBW, ko wani mai aiki da iskar oksijin wanda ba turare, na kamar minti 30. Zura buroshi cikin dogon bututu, ka ɗaga shi sama ka leƙa, ya kamata ka hango haske tas. Ɗauraye sosai.

Gargaɗi: ban da bilic, ban da soson ƙarfe. Sinadarin kulorin yana huda wannan ƙarfe da ƙananan ramuka, soson ƙarfe kuma yana barin ɓurɓushin da ke tsatsa.

Yanzu duba. A fofet, kalli 'yar robar kanta, ko ta tsage ko ta lotsa, sannan ka matsa sifirin ka ji ko yana da sauran ƙarfi. A bututu, kalli leɓen sama, ya zama shimfiɗe ba lanƙwasa. A gidan bawul, bi ramin da zobe ke zama da farce. A bakin tulu, shafa yatsa ta ciki inda robar murfi ke kwanciya, ka ji ko ya lotsa.

Ra'ayina game da zobba shi ne, tunda ka riga ka kwance, canza duka biyar. Roba tana iya mutuwa ba tare da ido ya gani ba. Tulun da aka saya na hannu kuwa dole ne, domin warin tsohon lemo yana kama roba, ba ya fita da wanki.

7. Mayar da bawul

Shafa wa kowane zobe mai kaɗan, iya abin da zai sa shi sheƙi. Zura zobe 109 a bututu har ƙarƙashin leɓe, guda ɗaya, ka tabbata tsohon bai maƙale a bakin ramin ba. Gajeren bututu a gefen IN, dogo a gefen OUT. Dogon yana da lanƙwasa ko a miƙe yake, ko wanne ne, bakinsa ya sauka a ɗan ramin da ke gindin tulu. Zura hannu ta bakin murfi ka riƙe shi yayin ɗaurewa, domin yana son juyawa tare da bawul.

Sa fofet a gidanta, kanta sama. Akwai fofet da ake sayarwa wadda ke shiga kusan kowane bawul, mai dogon sifirin siffar mazurari. Tana aiki, amma a gajeren bawul sifirin yakan yi tsawo, hula ta ƙi zama ko abin sha ya ƙi fita. Maganinsa a yanke zagaye ɗaya daga faffaɗan gindin sifirin, a gwada, in bai isa ba a ƙara ɗaya. Kada a yanke da yawa lokaci guda, gajeren sifirin ba ya rufe ƙofa.

Murza bawul da hannu har ya tsaya, sannan ka ƙara masa kamar kwatan zagaye da soket. Ya isa. Zoben da ke ƙarƙashin leɓen bututu ne ke toshe iska, ba tiredi ba, shi ya sa naɗa farin tef na masu famfo ba ya ƙara komai sai ɓurɓushi a cikin fofet. Ɗaurin ganganci kuma yana murƙushe zoben ya tsage.

Wannan zoben na dogon bututu yana da wata alama tasa. Idan ya lalace, gas ɗin saman tulu yana kutsawa cikin hanyar ruwa, sai famfo ya riƙa tofar da kumfa zalla, ka kuma ga gibin iska yana tafiya a cikin tiyo. Mai wannan matsala yakan yi ta wasa da ragileta a banza.

Daga ƙarshe sa zoben wuya, 111 ko 112, ka mirgina shi a hankali kada ya murɗe.

8. Murfi

Matsin da ke cikin tulu ne ke tura murfi sama ya danne roba. Mariƙin ƙarfen nan aikinsa kawai ya riƙe shi kafin iska ta zo. Don haka tsarin rufewa yana da muhimmanci: shafa wa babban zobe mai, sa murfi ya zauna a tsakiya, kada ka kulle mariƙin tukuna, ja shi sama da hannu, buɗe gas a psi 30, idan ka ji ya kama sannan ka kulle. Daga nan sai ka sauke matsi zuwa inda kake so.

In ya ci gaba da huci, juya murfin ya fuskanci ɗaya ɓangaren, wasu tulunan gefe ɗaya kawai suke yarda da shi. Duba 'yan takalman roba da ke ƙafafun mariƙi. Idan sun cinye ko ɗaya ya faɗi, murfi ba ya matsuwa. Kafin a samo sababbi, sulalla ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa tana ɗaga shi. Zobe mai tauri kuma, jiƙa shi a ruwan zafi na minti biyar yana sa shi laushi. Ga tulun da bakinsa ya ɗan lotsa, akwai zoben murfi mai kauri da taushi fiye da na kullum, yana rufe abin da 417 ya kasa.

Bawul ɗin sakin iska murza shi ake yi da hannu ya fito. Wanke shi, duba robar bakinsa, mayar. Idan bai daina ba a sayi sabo.

Gargaɗi: kada a toshe wannan bawul da gam ko ƙusa don a huta da yoyo. Shi ne kariyar tulun. An buga iyakar matsin da tulu ke ɗauka a jikinsa, yawanci psi 130, kuma ranar da ragileta ta lalace wannan ɗan bawul ne zai fitar da abin da ya wuce kima.

9. Hula da tiyo

A saman hula akwai tsaga ta sukundireba. Kwance a kan tire, domin akwai sifirin da ɗan fil da siririyar roba a ciki, kuma robar tana saurin ɓata. Wanke, shafa mai, mayar, ɗaure daidai. Ɗaga hular a haske ka nemi tsaga a jikinta, wadda ta tsage sai dai sabuwa.

Idan tiyo yana haɗe da hula ta noti mai murzawa, ka lura da wannan: hular roba tana da ɗan bakin roba nata, ba ta son washa. Inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe kuwa, kamar hular ƙarfe ko bakin makunnin ragileta, dole a sa 'yar farar washa ta nailan a tsakani. Rashinta yana cikin abubuwan da suka fi shanye silinda a ɓoye.

Inda aka cusa tiyo a kan haƙoran ƙarfe, yanke santimita biyu daga bakin da ya buɗe, tsoma sabon bakin a ruwan zafi, cusa, sa kilif. Kilif mai sukuru yana barin ɗan gibi a siraran tiyo, irin wanda ake matsewa da filaya mai suna Oetiker ya fi kama zagaye duka. Mahaɗar da ake tura tiyo kawai ta kama, tana son yanka madaidaici da reza, a kuma tura har ƙarshe.

Gargaɗi: a mai ƙwallo, kada ka tilasta baƙar hula a kan bawul ɗin gas ko ta gas a kan na ruwa. Za ta shiga da ƙyar ta ƙi fita, kuma wajen ɓamɓaro ta ne zobe ke yagewa. Haka nan kada ka kifa hular gas a kan tulun da matsinsa ya fi na ragileta ko wanda aka cika har bakin gajeren bututu, abin sha zai bi tiyo ya koma cikin ragileta. Ɗan bawul mai hana komawa baya a layin gas yana maganin wannan.

10. Ragileta da silinda

Tsakanin notin ragileta da bakin silinda akwai washa, ta nailan ko ta fayiba, wasu ragiletocin kuma da zobensu a manne. Ta fayiba sau ɗaya ake amfani da ita, duk cikon gas a sa sabuwa. Ɗaure notin da sifana sosai, nan kam ɗaurin hannu bai isa ba. Ban da tef. Kuma bakin silinda ba ɗaya ba ne a ko'ina, Amurka na amfani da CGA-320, yawancin Turai W21.8. Idan ragileta daga wata ƙasa take, silinda daga wata, nemi mahaɗar da ta dace maimakon ɗaurin dole.

Buɗe kan silinda har ƙarshe, wasu suna huci ta wuya idan aka bar su rabi. Fesa kumfa a gindin agogo biyu da ɗan ramin da ke jikin murfin ragileta. Kumfa a ramin nan na nufin fatar ciki ta huje. Idan kuma allurar ƙaramin matsi tana hawa da kanta bayan ka saita, datti ne a mazaunin ciki. Duka biyun akwai saitin gyaransu, amma wanda bai saba ba gara ya kai wa masu aikin gas.

Agogon babban matsi ba ya gaya maka yawan gas ɗin da ya rage. Gas ɗin a ruwa yake cikin silinda, allura tana zama wajen psi 800 zuwa 900 a ɗaki mai matsakaicin yanayi, ta sauka wajen 500 zuwa 600 a firji, ba ta faɗuwa sai ruwan ya ƙare. Sikeli ne ke faɗin gaskiya. An buga nauyin silinda fanko a wuyanta, abin da ya hau kai shi ne gas ɗinka. Auna yau, auna bayan kwana biyu ba tare da an zuba komai ba.

Gargaɗi: silinda a tsaye take aiki, a ɗaure da sarƙa ko igiya. Kada a bar ta a rana ko cikin mota a rufe, domin daga digiri 31 zuwa sama matsin cikakkiyar silinda yana hawa da sauri, kuma zafin bazara a ƙasar Hausa ya wuce haka nesa. Tukunyar kashe gobara ba ta maye gurbin silinda, domin tana da bututu a ciki mai fitar da gas a ruwansa, yana lalata ragileta. Sannan kilo ɗaya na wannan gas yana cika fiye da lita 500, ya fi iska nauyi, ba shi da launi. Idan silinda ta zube a ƙaramin ɗaki, buɗe ƙofa da taga ka fita. Kada ka zura kai cikin firiza mai buɗewa ta sama don neman yoyo, a gindinta yake taruwa.

11. Gwajin ƙarshe

Haɗa komai da tulu fanko, psi 30, fesa duk inda ka taɓa. Rufe silinda ka bar shi ya kwana. Idan allura tana nan, sauke zuwa psi 10, ka sa tulun a firji ya sake kwana, domin sanyi yana ƙanƙance roba, wani yoyon sai a can yake fitowa. Allurar babban matsi za ta ɗan sauka idan ragileta ma tana cikin sanyin, wannan ba yoyo ba ne, wadda ta faɗi ƙasa warwas ita ce abin dubawa. Sai ya wuce wannan za ka zuba abin da ka sha wahalar haɗawa.

12. Kulawa daga nan gaba

Duk lokacin da tulu ya ƙare, kwance bawul biyu ka wanke, kada ka tsaya a ɗauraye ciki kawai. Sukari idan ya bushe yana manne fofet a buɗe. Tace abin sha kafin ya shiga tulu: ɓurɓushin hos, furen da ke sa ɗaci a giya, tsakin citta ko kanumfari a zoɓo, duk a wuyan fofet suke tsayawa. Zoben wuya shi ya fi shan wahala saboda kifa hula da cirewa, ka shafa masa mai a kowane ciko, ka canza shi da zarar ya fara faɗi ko tsagewa. Sauran a canza su kamar sau ɗaya a shekara.

Mai zuba abin sha mai zaƙi da ba a dafa shi har ƙwayoyin da ke sa shi tsami suka mutu ba, to ya yi hattara da ɗaukewar wutar lantarki. Idan firji ya daɗe a kashe, abin zai fara tsami da kansa, ya haifar da gas da barasa, matsi ya hau. Hucin da za ka ji a lokacin ba laifin bawul ba ne, abin cikin ne ya juya.

Ajiye zobban ajiya a leda mai rufewa, nesa da rana da injin lantarki. A lokacin hunturu rufe kan bawul da 'yar hular roba ko leda saboda ƙura. Tulun da ba a aiki da shi a wanke, a shanya, a rufe shi da gas kamar psi 10. Ranar da za ka ɗauko shi, ja zoben bawul ɗin sakin iska da ke kan murfi: idan ya yi huci, a shirye yake, idan shiru, koma mataki na 4 kafin ka cika. Idan kuma ba za a zuba komai ba na kwana biyu ko uku, kuma abin sha ya riga ya ɗauki gas ɗinsa, rufe kan silinda.